Abin da Muka Gano a Maƙabartar Attajiran Landan

A wannan fitowa za mu ɗan ɗauke ku daga labarin goro da shanu da na tashar mota, mu kai ku wata tsohuwar maƙabarta a kudancin birnin Landan. Mun san wani zai ce, to mu me ya haɗa mu da kaburburan Turawa? A dai yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, don mu ma haka muka ce da farko.

Mu uku ne daga cikin 'yan ƙungiya Allah Ya nufa da zuwa Ingila bikin sauke karatun ɗan ɗayanmu. Da aka gama hidima, ana saura kwana biyu mu dawo, sai yaron nan ya ce wa mahaifinsa, "Baba, kasuwa dai kun gani, fadar Sarki kun gani. Ku zo in kai ku inda masu kuɗin garin nan suke kwance." Babbanmu ya yi shiru, can ya ce ai malamai sun ce ziyarar kaburbura tana tuna wa mutum lahira, kuma gani ya kori ji. Muka hau jirgin ƙasa muka sauka a tashar West Norwood. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa wata babbar ƙofa ta dutse mai baka kamar ta coci. Ba a biyan ko sisi a shiga.

Yadda aka yi aka kafa ta

A shekarar 1801 mutanen Landan ba su wuce kamar miliyan 1 ba. Zuwa 1851 sun haura miliyan 2. Masana'antu ne suka jawo wannan cika, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa neman aikin yi. A lokacin kuwa a harabar coci ake binne matattu, cikin unguwa, kusa da gidaje da rijiyoyi. Wuraren suka cika har ta kai ana tone sabon kabari a tarar da gawar da ba ta gama ruɓewa ba. Ga wari, ga kwalara wadda ta shigo Landan a 1832, ga kuma ɓarayin gawa masu tonewa da dare su sayar wa masu koyon aikin likita.

Ganin haka sai majalisar dokoki ta ba wasu kamfanoni izinin buɗe manyan maƙabartu a bayan gari. Tsakanin 1833 da 1841 aka buɗe guda 7 kewaye da birnin. Ta West Norwood ita ce ta biyu: an yi dokar kafa ta a 1836, aka buɗe ta a watan Disamba na 1837. Faɗinta wajen eka 40 ne a kan wani tudu, wani magini mai suna William Tite ya tsara ta, aka kewaye ta da doguwar katanga da shingen ƙarfe saboda ɓarayin nan. A lura, kasuwanci ne. Kamfani ne mai masu hannun jari, yana sayar da wurin kwanciya, wuri mai kyau kuma kusa da hanya ko bisa tudu ya fi tsada. Shi ya sa attajirai suka yi mata ca, har aka riƙa kiran ta maƙabartar miloniyoyi. An ƙiyasta cewa zuwa shekarar 2000 an binne mutum wajen 164,000 a cikinta, a kaburbura kamar 42,000, domin su iyali guda sukan haɗu a rami ɗaya, wani bisa wani.

Mai sukari da mai yumɓu

Hubbaren da muka fara tsayawa a gabansa na Henry Tate ne. Ɗaki ne sosai, da ƙofarsa da rufinsa, an gina shi da jan yumɓu gasasshe, an yi masa zane-zane. Wallahi a nan Sabo akwai magidanta da yawa da ɗakin kwanansu bai kai shi kyau ba.

An haifi Tate a 1819 a yankin Lancashire, ɗan wani limamin coci. Yana da shekara 13 aka kai shi Liverpool koyon tsaron kanti. Daga yaron kanti ya buɗe nasa, har ya kai yana da kantuna 6. A 1859 ya shiga haɗin gwiwa a wata matatar sukari, daga baya ta zama tasa shi da 'ya'yansa. A zamanin nan sukari a dunƙule ake sayar da shi, sai an sa ƙarfe an fasa kamar yadda muke yi wa mazarƙwaila. A 1875 Tate ya sayi izinin amfani da dabarar wani Bajamushe, Eugen Langen, ta yin sukari ƙwaya-ƙwaya, ya kafa babbar matata a bakin kogin Thames a 1878. Wannan ƙwayar sukari da mai shayi ke jefa maka biyu ko uku a kofi, irinta ce ta mai da yaron kanti hamshaƙin attajiri.

Sai dai akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. Shi Tate bai mallaki bayi ba, yana yaro aka yi dokar hana bauta a ƙasashen da Ingila ke mulka a 1833. Amma ita sana'ar sukari a kan gumin bayin da aka kwashe daga Afirka ta tashi, kuma a Kyuba ba a daina bauta ba sai 1886, a Brazil sai 1888. Da muke kallon jan ginin nan, wannan ma ya faɗo mana a rai.

Tate ya rasu a 1899. Kafin rasuwarsa ya ba ƙasarsa hotunan zane 65 da kuɗi fam 80,000 aka gina gidan ajiye su, wanda aka buɗe a 1897, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. Ya gina ɗakunan karatu na jama'a a unguwannin Brixton da Streatham, ya taimaka wa asibitoci da makarantu. Matatarsa ta Liverpool an rufe ta a 1981, kamfanin da ya gaji sunansa kuma ya sayar da sashen sukarin ga wani kamfanin Amurka a 2010. A ranar da muka je, mu kaɗai ne a gaban hubbaren. Amma ɗakin karatun Brixton da muka wuce ta gabansa da yamma, mutane ne ke shiga suna fita.

Akwai kuma hubbaren Henry Doulton, shi ma na jan yumɓu, wanda ya gina bayan rasuwar matarsa a 1888, shi kuma ya bi ta a 1897. Doulton maginin tukwane ne ɗan maginin tukwane, a unguwar Lambeth. Abin da ya ɗaga shi kuwa abu ne da mutane ke ƙyama, wato bututun kwashe ƙazanta. A 1846 ya kafa masana'antar yin bututun yumɓu mai santsi wanda ruwa ba ya ratsawa, daidai lokacin da hukuma ta fara gane cewa ƙazantar da ke gauraya da ruwan sha ita ke kashe mutane. Garuruwan Ingila suka yi ta sayen bututunsa. Wato dai annobar da ta sa aka buɗe maƙabartar, yaƙi da ita ne ya ba shi kuɗin gina hubbare a cikinta. Masana'antarsa ta Lambeth an rufe ta a 1956.

Mai ƙarfe da mai bindiga

Kabarin Henry Bessemer ma yana nan. An haife shi a 1813, ya rasu a 1898. A 1856 ya bayyana dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe don ƙone dattin da ke ciki, a samu ƙarfe mai ƙwari da yawa cikin ɗan lokaci. Kafin nan tan guda yakan kai fam 40, bayan dabarar ta kankama ya sauko zuwa fam 6 ko 7. Arhar ƙarfe ita ta sa shimfiɗa layin dogo mai nisa ya zama abin da ake iya biya.

A nan ne labarin ya fara taɓa mu. Kakanninmu sun daɗe suna fatauci zuwa kurmi da Gwanja tun kafin zuwan Bature, a ƙafa da jakuna, tafiyar watanni. Amma jirgin ƙasa ne ya canja lissafin: layin dogo daga Legas ya iso Ibadan a 1901, jirgin ƙasa kuma ya fara isa Kano a 1911. Goro da ke lalacewa a hanya ya koma isa Arewa cikin kwanaki, shanu suka riƙa saukowa a tarago. Masu masauki da dillalai suka ƙaru, har aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, wasu garuruwan ma suka samu nasu. Bessemer bai taɓa jin sunan Sabo ba, amma aikinsa na cikin abin da ya zaunar da mu a nan.

Daga nan yaron ya ce, "Baba, ga wanda na fi so ku gani." Muka karanta sunan: Hiram Maxim. Ba'amurke ne, an haife shi a jihar Maine a 1840, ya koma Ingila da zama. A 1884 ya ƙera bindiga mai jigida wadda ƙarfin harbin farko ke ɗura harsashi na biyu da kansa, tana iya zubar da harsashi wajen 600 a minti guda. Ingila ta ba shi lambar girma a 1901, ya rasu a 1916.

Da wannan bindiga aka karkashe dubban mayaƙan Mahadi a kusa da Umdurman ta Sudan a 1898, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila ba su kai 50 ba. Tana cikin kayan yaƙin da sojojin Lugga suka zo da su Kano a watan Fabrairu na 1903, da Sakkwato a watan Maris na shekarar. A watan Yuli kuma aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Abin da ya fi ciwo, yawancin sojojin da aka turo 'yan ƙasa ne, da Hausawa da yawa a cikinsu.

Mun daɗe a tsaye a wurin ba wanda ya ce uffan. Babbanmu, wanda kakansa ya ba shi labarin shigowar Nasara da bakinsa, ya juya ya ce mu tafi. Waɗanda suka faɗi a Burmi yawancinsu ba wanda ya san takamaiman inda kowannensu yake kwance, shi kuwa maƙerin bindigar ga sunansa a dutse ana share masa ciyawa. Hisabi dai na Allah ne.

A hanyar fita daga wannan sashe muka ga kabarin Julius Reuter, wanda duk mai sauraren rediyo ya san sunansa ta kamfanin dillancin labarai na Reuters. Shi ma baƙo ne, haifaffen Jamus a 1816. A 1850 da tattabaru yake aika farashin hannun jari tsakanin Aachen da Brussels, a 1851 ya buɗe ofis a Landan, ya rasu a 1899.

Zangon Girkawa

Wurin da ya fi tsaya mana a rai wani ɓangare ne da aka kewaye daban da shingen ƙarfe. Na Girkawa ne. Su ma fatake ne da suka baro ƙasarsu suka zauna a garin wasu, da yarensu daban da ɗariƙarsu ta Kiristanci daban. Da yawa daga cikinsu 'yan tsibirin Kiyos ne, waɗanda suka watse bayan kisan gillar da sojojin daular Turkiyya suka yi a can a 1822. A Landan suka kama cinikin hatsi da auduga da jiragen ruwa, suna aiki da 'yan'uwansu da ke wasu tashoshi, suna aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu. Da aka karanta mana wannan sai muka dubi juna, don kamar labarin masu goro ake ba mu.

A 1842, tun ba su yi yawa ba, shugabanninsu suka haɗa kuɗi suka karɓi yanki a cikin maƙabartar da sunan jama'arsu, a rubuce. Daga baya suka ƙara faɗinsa. Wani attajirinsu, Stephen Ralli, ya gina ɗakin ibada a wurin mai manyan ginshiƙai irin na tsohuwar Girka, don tunawa da ɗansa da ya rasu yana ɗalibi a 1872. Ga kuma hubbaren gidan Vagliano, masu jiragen ruwa, wanda aka kwaikwayo daga wata tsohuwar hasumiya ta birnin Atina. Ɗayansu, Panayis Vagliano, shi ya ba da kuɗin gina babban ɗakin karatu na ƙasar Girka. Wato yana kwance a Landan, alherinsa yana gida.

Ranar da katafila ta shigo

To, duk wannan ado bai hana abin da zai faru faruwa ba. Bayan shekara 100 wuraren sayarwa suka ƙare, kuɗin shiga ya ragu, kamfanin ya kasa kula da wurin. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka lalata gine-gine, aka rushe babban cocin maƙabartar a 1960. A 1965 ƙaramar hukumar Lambeth ta karɓe wurin da ƙarfin doka. Ta shiga share fili don a samu sauƙin yankan ciyawa, aka kawar da duwatsun kaburbura aƙalla 10,000, aka kuma sake sayar da wasu tsofaffin kaburbura ga sababbin mutane.

Waɗanda suka tsaya suka ce ba su yarda ba, mutanen gari ne kawai da suka kafa ƙungiyar masu kishin maƙabartar a 1989. Magana ta kai kotun coci, a 1994 ta yanke hukunci cewa abin da aka yi ya saɓa wa doka. Aka tilasta wa hukumar ta tsaya, ta gyara wasu daga cikin abin da ta rushe, ta kuma fitar da jerin kaburburan da aka taɓa don jikoki su nemi haƙƙinsu. An iya yin haka ne saboda tun 1837 akwai littafin da ake rubuta sunan kowane mamaci da lambar kabarinsa. A 2019 aka ba da tallafin fam miliyan 4.6 daga asusun cacar ƙasa don gyaran wurin.

Mu kuma fa?

Kada wani ya ɗauka muna kiran a fara gina hubbare a maƙabartarmu. Allah Ya kiyaye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a shafe kabari ko a yi gini a kansa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ake cewa ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955, da likkafani aka sa shi a ƙasa a Kano kamar kowane Musulmi. Ɗansa Alhaji Aminu Ɗantata da ya rasu a 2025, a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, inda kaburbura ba su ɗauke da suna. Wannan daidaito ni'ima ce, kuma da muka fito daga West Norwood mun ƙara gode wa Allah a kanta.

Amma rashin ado daban, sakaci daban. Ya tabbata cewa Annabi da kansa ya ajiye dutse a kabarin sahabinsa Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane wurin. Mu a nan fa? Kowa ya tuna bara da wani bawan Allah ya taso tun daga ƙasar Katsina don ya ziyarci kabarin kakansa, wani mai masaukin baƙi da ya yi shekara 40 a cikinmu. Muka zagaya da shi har la'asar ba mu gane wurin ba. Tsohon mai haƙar kabarin da ya san kowane lungu ya riga mu gidan gaskiya, ya tafi da iliminsa a ka. Mutumin nan ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a ga kowa da kowa, ya hau mota ya koma. Mun ji kunya ranar.

Na biyu, maganar fili. Iyayenmu da baki aka ba su wurin, bisa amana tsakaninsu da masu gari, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Waɗanda suka yi wannan alkawari duk sun shuɗe. Gari ya cim mana ta kowane gefe, fuloti ya yi tsada, katangarmu ta gabas kuma ta zube tun damina biyu da suka wuce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha, wanda ba shi da takardar mallaka kuwa hujjarsa mai rauni ce ranar da aka zo da awo. In har za a iya kawar da duwatsu 10,000 a maƙabartar miloniyoyi a kudancin Landan, to tudun ƙasa marar suna a unguwar baƙi fa?

Don haka muna roƙon Mai Martaba Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiya su sa wannan magana a taro mai zuwa. A nemi takardar mallakar maƙabarta da sunan jama'a, kada a sa sunan mutum ɗaya. A tayar da katangar da ta faɗi kafin ruwa ya sauka. A sayi babban littafi a ajiye a hannun liman, duk wanda aka binne a rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu na asali da ranar rasuwa da layin da yake kwance, a kuma sa matasanmu masu ilimin kwamfuta su adana kwafi. A zauna da dattawan da suka rage tun suna raye, su nuna inda magabata suke. Sannan a fara tara kuɗin sabon fili a bayan gari tun yanzu, domin ta yanzu ta kusa cika, kuma duk shekara farashi hawa yake.

Ga attajiranmu kuma, masu shanu da masu goro da masu motoci, Allah Ya ƙara buɗi. Ba za a gina muku jan ɗaki a kan kabari ba, kuma ba ku bukatarsa. Ga makarantar Islamiyyarmu da rufinta ke zuba, ga rijiyar burtsatse da ta lalace, ga marayu. Wanda duk ya ɗauki ɗaya daga ciki, ya samu sadaka mai gudana.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da ke kwance a wannan ƙasa ta baƙunci, Ya haskaka kaburburansu, mu kuma Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalam.